Gyaran Birnin Sakkwato: Ina Makomar Mai Shayi, Mai Tsire da Mai Ƙosai?

Idan gwamnati ta shimfiɗa sabuwar kwalta a unguwa, ta gina magudanar ruwa, ta kafa fitilun sola, ina matsayin teburin mai shayin da ya fi shekara goma a wannan kwanar? Yana cikin abin da za a gyara, ko yana cikin abin da za a share?

Tambayar nan takan taso duk lokacin da motocin aikin titi suka shigo wata unguwa a Sakkwato. Tun daga 2023 da gwamnatin Ahmad Aliyu ta sa aikin titunan cikin gari a gaba, ana yawan jin ta a majalisu da shafukan Facebook. Wasu na cewa Birnin Shehu ya cancanci ya yi fes, a kwashe rumfuna da tukubu da bencina daga bakin hanya kowa ya huta. Wasu kuwa na cewa duk gyaran da zai raba talaka da tukunyarsa sunansa zalunci. Kowane ɓangare yana riƙe da wani yanki na gaskiya. Abin da na lura shi ne, muna ta gardama ba mu tsaya mun fayyace abin da ake nufi da gyaran birni ba, balle mu duba aikin da waɗannan wuraren cin abinci suke yi wa gari.

Gyara daban, ƙawatawa daban, rusau daban

Abu uku ne muke cakuɗawa a baki ɗaya. Ƙawatawa ita ce fenti, shuka furanni a shataletale, da fitilu masu kyaun gani. Rusau shi ne kawar da ginin da hukuma ta ce ya saɓa ƙa'ida. Shi kuwa gyaran birni, ko sabunta birni kamar yadda masana tsara gari ke kiransa, ya fi su faɗi: a ɗauki unguwar da ta tsufa ko ta cunkushe, a samar mata hanya, ruwa, magudana, wurin zubar da shara da wurin neman abinci, yadda mutanen da ke cikinta za su fi jin daɗin zama. Wani lokaci gyaran yakan buƙaci rusau, gaskiya ne. Amma idan aka rushe aka tafi, ba a tanadi komai a madadin abin da aka kawar ba, rabin aiki aka yi.

Akwai kuma batun wa ke da iko da wa. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen cikin birane a hannun gwamnan jiha, shi ya sa hukumar tsara birane ta jiha ce ke cewa nan gefen titi ne, nan ba a gini. Kundin tsarin mulki na 1999 kuma ya sa kula da kasuwanni, tashoshin mota, kwashe shara da wuraren sayar wa jama'a abinci cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Birnin Sakkwato a yau ya tsallake Sakkwato ta Arewa da ta Kudu, ya shiga Wamakko da Dange Shuni da Kware. Ke nan mai tsire guda yana iya riƙe da rasit ɗin harajin ƙaramar hukuma a aljihu, alhali a idon hukumar jiha zamansa a wurin haramtacce ne. Ya biya kuɗin sana'a, bai da izinin wuri. Mafi yawan rigimar da ake yi ranar tashi daga nan take samo asali: shi yana ganin an ci amanarsa, ma'aikaci yana ganin doka yake bi.

Su wane ne ake magana a kansu?

Ba jinsi ɗaya ba ne, kuma kowa da lokacinsa. Da asuba masu koko da ƙosai da masu masa ne ke buɗe gari. Hantsi ya yi, sai masu tuwo da shinkafa da wake a bakin Babbar Kasuwa, Kasuwar Kara da tashoshin mota. Rana ta take, Fulani masu nono su baje ƙore a inuwar dogon yaro, a dama hura, kamar yadda muke cewa a nan. La'asar ta rundawa ce, wato mahauta, hayaƙin tukuba ya tashi, tsire da balangu su fara ƙamshi. Bayan isha'i gari ya koma hannun masu shayi da masu soya kifi da awara, har tsakar dare a wurare irin su Gawon Nama, inda asibitin koyarwa ba ya barci, da Dandima inda ɗalibai ke kai-komo.

Akwai wani dattijo mai shayi a kwanar unguwarmu da na daɗe ina zama wurinsa. Teburinsa bai fi taku uku ba. Gwangwanayen madara a jere kamar dala, burodi a gefe an lulluɓe da leda, tiren ƙwai, ga tukunyar ruwan zafi a kan gawayi. Yana sheƙa shayi daga kofi zuwa kofi, hannu sama hannu ƙasa, ɗigo ba ya zuba. A ƙarƙashin teburin akwai wani tsohon littafin makaranta da mai ya jiƙa bangonsa. Wani dare ɗan kabu-kabu ya sha shayi da rabin burodi, ya miƙe yana sosa ƙeya ya ce, "Baba, a rubuta, yau gari ya yi tauri." Dattijon bai ko ɗaga kai ba, ya ce, "Tafi abinka, Allah shi kai mu gobe." Littafin nan shi ne abin da mai zanen taswirar gari ba zai taɓa gani daga ofis ba. Mutum nawa ne a unguwar ke kwana da abu a ciki saboda shi?

Me ya sa suke ta ƙaruwa?

Na farko dai yanayi. A watannin Maris zuwa Mayu ma'aunin zafi a Sakkwato yakan haura 40. Ɗakin kwano ya sha rana tun safe, ga wutar lantarki ba tabbas. Mutum ba zai iya zama ciki da dare ba sai ya fito shan iska, kuma inda mutane suka taru, mai abinci zai biyo su. Cin abinci a sarari a garin nan tilas ce ta yanayi tun kafin ya zama al'ada.

Sai tsadar rayuwa. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin sufuri da na kayan masarufi suka tashi, har alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa suka nuna hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024. Wannan ya yi aiki ta fuska biyu. Gwauro ko leburan da ke haya a ɗaki guda ya lissafa gawayi, mai, magi da lokaci, ya ga sayen dafaffe ya fi masa sauƙi. Magidancin da albashinsa ya daina kai shi ƙarshen wata kuma ya ga sana'ar da ta fi saurin farawa ita ce ta abinci: kasko, murhu, benci, shi ke nan. Masu saye sun ƙaru, masu sayarwa sun ƙaru.

Dalili na uku shi ne wanda ya fi ciwo. Matsalar 'yan bindiga a gabashin jihar, Isa, Sabon Birni, Rabah, Goronyo da maƙwabtansu, ta koro dubban mutane zuwa cikin birni. Manomin da ya bar gonarsa bai da takardar neman aiki. Matar da aka kashe mijinta ta zo da 'ya'ya biyar, abin da ta iya shi ne suyar ƙosai da awara. Idan ka ga sabuwar fuska a bakin titi da kasko, kafin ka ce ta ɓata gari, ka tambayi daga ina ta fito.

Aikin da suke yi wa gari ba a biya su ba

A nan nake so a daɗe, don shi ne abin da masu kiran a share ba su cika lissafawa ba.

Ɗauki tsaro. Lungun da ke da mai shayi da fitilarsa da mutum shida a benci, da lungun da ya yi tsit tun ƙarfe tara, wanne mace za ta fi yarda ta bi idan ta fito kai yaro asibiti? Mai shayi ya san babur ɗin kowa. Ya san baƙon da ya zagaya layi sau uku. Masu shagunan da ke kusa da shi suna rufewa su tafi gida da kwanciyar hankali, don sun san akwai ido a wurin har ƙarfe ɗaya. Fitilar sola tana haska titi, amma ba ta tambayar mutum wa yake nema.

Ɗauki kuma inda kuɗin ke tafiya. Tsinken tsire ɗaya ya ratso hannu da yawa kafin ya iso gare ka: makiyayi, dillalin Kara, mahauci, mai ƙuli-ƙulin da aka daka yaji da shi, manomin albasar da Sakkwato ta yi suna da ita, mai gawayi, yaron da ke tsire naman a tsinke. Ƙwaryar hura ta haɗa manomin gero da matar da ta daka da Bafulatanar da ta kawo nono daga ruga. Kusan duk kuɗin a cikin jiha yake juyawa. Ga mata masu kulle da ke dafawa a gida a fito da shi bakin hanya, waɗanda ba a ganinsu amma da ribar suke yi wa 'ya'ya kayan ɗaki. Ranar da aka tashi teburi ɗaya, gidajen da za su ji a jikinsu sun fi ɗaya.

Sannan akwai zumunci. Tun da Muhammadu Bello ya kafa garin nan a 1809, Sakkwato gari ne na baƙi: almajirai masu neman ilimi, fatake, maziyarta Hubbare, inda kabarin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yake, mutanen Nijar da ke shigowa ta Illela. Baƙo yana bukatar inda zai ci ba tare da ya san kowa ba, kuma yana bukatar inda zai fara sanin mutane. Bencin mai shayi na ɗaya daga cikin 'yan wuraren da malamin jami'a da ɗan dako ke zama kafaɗa da kafaɗa, kowa da kofinsa. Nan ake jin wa ya rasu, wa ke neman lebura gobe, ina ake da ɗakin haya. Nan ake gardamar siyasa da ƙwallo a tashi ba a yi faɗa ba. Garin da ba shi da isassun wuraren shaƙatawa na kyauta, wannan bencin shi ne dandalinsa. Ni a ganina, mai son nuna wa baƙo Sakkwato zai kai shi Hubbare da fadar Sarkin Musulmi da rana, da dare kuma ya zaunar da shi gaban tukuba. In aka cire na biyun, an rage wa garin wani abu da siminti ba zai mayar ba.

Ƙorafin da ke da gaskiya

Duk da haka, masu cewa a tashe su ba mugaye ba ne, kuma son talaka bai kamata ya rufe mana ido ba.

Magudanar ruwa ita ce ta farko. Daminarmu gajeriya ce, daga Yuni zuwa Satumba, amma idan ruwa ya sauko da ƙarfi yake zuwa. Kwalbatin da ta cika da leda, ɓawon ƙwai, toka da ragowar miya ba za ta ɗauke shi ba, sai ya shiga gidajen mutane. Mazauna Mabera sun daɗe da sanin wannan wahala. Ba masu abinci kaɗai ke zuba shara a kwalbati ba, amma suna ciki, kuma musun haka bai da amfani.

Sai cunkoso. Teburi ya ci gefen titi, masu saye suka jera babura da motoci, mai tafiya a ƙafa ya koma tsakiyar kwalta. Ga haɗarin wuta, musamman inda murhu ke maƙwabtaka da masu sayar da fetur a kwalba. Garin da ya ga gobarar Babbar Kasuwa a Janairun 2021 ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Batun tsabta ya fi nauyi. A ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015, mutum miliyan 600 ke kamuwa da ciwo duk shekara ta dalilin gurɓataccen abinci, 420,000 su mutu, kuma nahiyar Afirka ce ta fi ɗaukar nauyin idan aka kwatanta da yawan jama'a. A 2021 Sakkwato na cikin jihohin da annobar amai da gudawa ta fi taɓawa. To amma a tsaya a duba inda matsalar take. Na sha tsayawa wurin wata mai masa da safe. Robar wanke kwanoninta ɗaya ce, ruwan ciki ya yi fari da mai tun ƙarfe takwas, kuma da shi za ta kai hantsi. Ba ƙazanta ce halinta ba, zanenta fes, kaskonta fes. Jarka take saye wurin 'yan ga-ruwa, kowace jarka kuma daga ribarta take fita. Babu famfo kusa, babu inda za ta zubar da wanda ya ɓaci sai kwalbati. Wanda kullum ke zaton gobe za a kore shi ba zai kashe kuɗi ya dasa siminti ko ya sayi tanki ba. Rashin tabbacin wuri shi ke haifar da rabin ƙazantar da ake korarsu a kanta.

Akwai abu biyu da mu masu kare su muke yawan tsallakewa. Ɗaya, talla: 'yan matan da ke yawo da tire a lokacin da ya kamata suna aji, wasu har dare, cikin haɗarin da kowa ya sani. Biyu, wannan dandalin da nake yabo na maza ne kusan zalla. Mata ke dafa kaso mai yawa na abincin, amma wurin da mace za ta zauna da 'ya'yanta ta ci cikin mutunci a sarari ƙalilan ne. Duk tsarin da za a yi, in bai taɓa waɗannan biyun ba, da saura.

Yadda wasu suka warware

Singafo, da ke nahiyar Asiya, ta taɓa zama birnin da masu abincin bakin titi suka cika, da ƙazanta da cututtuka. A 1968 zuwa 1969 gwamnati ta fara da ƙirga su da yi musu rajista. Daga 1971 ta shiga gina musu rumfuna masu famfo, magudana da wurin zama, kusa da gidajen jama'a da kasuwanni, a kan haya mai sauƙi. Sai a 1986 aka kammala kwashe su daga tituna, wato aikin shekara goma sha biyar. A Disambar 2020 UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa wannan al'ada ta cin abinci cikin jerin kayan gadon al'adun duniya. Abin da aka so sharewa ya zama abin alfahari.

Indiya kuma doka ta yi a 2014. Ta ce kowane gari ya kafa kwamiti wanda aƙalla kashi 40 cikin ɗari na membobinsa masu sana'ar bakin titi ne, a ƙirga su, a ba su takardar shaida, a ware inda aka yarda da inda aka hana. Ba a tashin mutum kafin a gama ƙirga, kuma mai takarda sai an ba shi sanarwar kwana 30. Aiwatar da dokar ya yi ta tafiyar hawainiya a garuruwa da yawa, amma ta kafa ƙa'ida mai kyau.

Sakkwato ba ta da kuɗin Singafo, kowa ya san haka. Abin ɗauka shi ne jerin matakan: ƙirga ta riga gini, gini ya riga tashi. Kuma muna da abin da za a ɗora a kai. Rundawa suna da Sarkin Fawa da shugabanninsu, unguwanni na da masu unguwa da hakimai, aikin duba-gari ba baƙo ba ne a wurinmu, dattawa na tuna lokacin da jin sunansa kawai ke sa a share gida.

Me talaka zai gani a ƙasa?

Idan aka tashe su kawai, abin da zai biyo baya sananne ne. Mai ɗan ƙarfi zai kama shago, haya ta shiga farashin kofin shayi. Marar ƙarfi zai koma lungu, inda duba-gari ba ya zuwa, abokan cinikinsa kuma ba su san inda ya koma ba. Littafin bashi ya watse, jari ya karye. Bayan 'yan makonni, ido ya ɗauke, a dawo wurin da aka baro, sai dai yanzu da tsoro da ɗan abin da ake miƙawa a ɓoye. Haka kuma idan aka gina musu wuri a bayan gari, rumfuna za su zauna wayam, don mai ƙosai inda ƙafa ke wucewa take bi. Ba wanda zai hau kabu-kabu zuwa Kwannawa don sayen ƙosan karin kumallo.

Idan aka tsara, abin da ake bukata ba gagarumi ba ne. Tun a takardar kwangilar titi a ware ɗan fili a koma da shi baya daga kwalta, a dasa siminti, a sa rumfa ko a shuka itace, famfo ɗaya ko rijiyar burtsatse, da mazubin shara da mota ke zuwa kwashewa. Manyan hanyoyi irin su Ahmadu Bello da Sultan Abubakar ana iya hana zama a wasu sassansu da rana a ƙyale da dare. Haraji ya zama guda, da rasit guda wanda jiha da ƙaramar hukuma duk suka amince da shi. Shi kuma mai sana'a ya ɗauki nasa nauyin: rufe abinci, raba murhu da fetur, share wurinsa, kuma in ya saɓa a karɓe takardarsa. A ware wa mata nasu ɓangaren, yadda uwa za ta sayar da kanta ko babbar mace ta sayar mata, yarinya ta tafi makaranta.

Lokacin da aikin magudana ya iso kwanarmu, dattijon nan mai shayi ya kwashe kayansa da kansa tun kafin a ce masa komai. Na tarar da shi yana ɗaure benci a kan baro, na ce, "Baba, sai ina?" Ya ce, "Malam, mu ba mu ƙi gyara ba. Su nuna muna inda za mu zamna, mu zamna." Ba wanda ya nuna masa. Da aka gama aiki ya dawo, tsohon wurinsa ya zama kwalbati, sai ya shimfiɗa katako biyu a kanta ya ɗora teburin. Mazubin shara mafi kusa yana can bayan layi uku, ɓawon ƙwai kuwa ta tsakanin katakon yake faɗawa.